Kawu Ilu da Ɗanyen Hasken Madina

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya fara duba bayan hannunsa. Zai fito ƙofar gida, ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana?" shi kuwa ya miƙa hannu cikin rana, ya juya shi, ya ƙanƙance ido ɗaya kamar mai neman ƙaya, sannan ya yanke hukunci: "Ɗanye ne." Hasken yake nufi. A wurinsa haske kamar mangwaro yake, akwai ɗanye, akwai nunanne, akwai kuma ruɓaɓɓe, wato na tsakar rana. Sai an gama wannan shari'ar zai waiwayo ya ce, "Lafiya lau, mai alli. Ya 'yan makaranta? Har yanzu ba su gane ba ka san komai ba?"

Ni ne mai allin. Sunana Bashari, ɗan ƙanwarsa, kuma shekara talatin ina koyarwa ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da ya gagare ni kamar wannan dattijo ba. Ku da kuka san shi, in kun ga na yi ƙari ku tsayar da ni. Na san dai ragi za ku tarar.

Ma'aikacin safiyo ne, masu awon ƙasa, da ya yi ritaya, kuma abin da ya fito da shi daga aikin gwamnati bai wuce ciwon baya da kyamara guda ba, baƙa, ta ƙarfe, mai nauyin dutsen guga. Kwananta cikin gwangwanin biskit, a binne cikin ɗanyar shinkafa, wai kada laima ta shige ta. Ba ya ɗauka sai rana tana bayansa. Filasha kuwa ko sunanta ba ya son ji, ya ce tana mai da Musulmi mage. Sannan ga babbar masifar: fim ba ya zuwa wanki sai ya cika talatin da shida cif, alhali mutumin nan in ya ɗauki hoto biyu a wata to ya yi ɓarna.

Ranar ɗaurin aurena hoto ɗaya ya ɗauka. Ɗaya tak! Na ce, "Kawu, a ƙara ɗaya mana, ko wani ya ƙifta ido."

Ya ce, "Aure nawa aka ɗaura?"

Hoton bai iso hannuna ba sai ranar sunan 'yarmu ta fari. Mutum ɗaya ne ya ƙifta ido a cikinsa, kuma kun san ko wane ne.

To, da irin wannan mutumin Allah ya haɗa ni tafiya Madina, a hutun Disamba, tsakiyar shekarun casa'in.

Su uku ne a ɗakinsu: Inna Hajo babba, sai Kawu Ilu, sai Ummata, Saude, auta. Inna Hajo ta bi mijinta Hajji ta ƙasa tun Umma tana 'yar shekara goma, suka ratsa Sudan, suka haye teku, suka zauna a Madina ba su dawo ba. Shekara arba'in da ɗoriya ba su ga juna ba, tun da kaset ya shigo shi ne ke tsakaninsu. Duk alhajin unguwa da zai tafi sai an ba shi kaset, ya dawo da wani. Umma ta cika kwalla guda da muryar yayarta, amma fuskar da ta sani ta amarya ce mai shekara sha tara. Ga shi likita ya hana ta doguwar tafiya saboda zuciyarta. Da muka je yi mata sallama sai ta kama hannun rigar Kawu ta ce, "Yaya Ilu, ba na son dabino, ba na son darduma, ba na son zobe. Fuskar Yaya nake so. Ka ɗauko mini ita."

Ya ce, "An gama."

Ni da na san ma'anar "an gama" a bakinsa, tun daga nan na fara addu'a.

Mun sauka gidan Inna Hajo a unguwar Aƙiƙ, bene mai hawa uku, ita tana ƙasa. Aka yi kuka, aka yi dariya, aka ci shinkafa da rago har muka ƙi jinin rago. Ɗanta Abdallah, haifaffen can, yana jin Hausa sarai amma amsarsa Larabci ce, in kuwa ya matsa wa kansa ya yi Hausar, sai ka ji kamar motar da ake turawa da safe. Kawu yake kira "ya khali", wato kawu a bakinsu. Washegari aka kawo maganar hoto, Inna Hajo ta gyara zama ta kafa sharuɗɗanta.

"Baban Abdallah, Allah yarhamu, bai yarda da hoto ba, ni kuma ban taɓa tsayawa gaban wannan abin ba. Amma don Saude zan tsaya. Ilu ne zai ɗauka, ba wani ba. Ba za a wanke a Madina ba, ɗan maƙwabtanmu ne a shagon wankin, ba zan je sayen burodi in tarar ya san fuskata ba. Kuma sau ɗaya. Khalas."

Da Kawu ya ji "sau ɗaya", sai da idonsa ya kawo ƙwalla. Ya dube ni ya ce, "Ka ji jininmu, mai alli. Kai ban san inda aka samo ka ba."

A ranar ruwa ya sauko.

Madina fa! Garin da ake cewa sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. Mu da muka baro Kano a bushe ƙamas, muka ƙetare teku muka zo muka tarar da damina tana jiranmu, haɗe da wani sanyi mai shiga ƙashi. Maƙwabta suna ta shigowa suna cewa baƙi sun zo da albarka. Kawu yana amsawa da "amin", yana ƙara tura kyamara cikin shinkafa.

Ga yadda lissafin ya tsaya, don ku gane irin ramin da muka faɗa. Cikin gida duhu ne, tagogin ƙanana, gilashinsu mai hazo, ga labule ninki biyu, kuma Kawu ba ya filasha. Waje akwai haske, amma Inna Hajo ba ta taka ƙofar gida sai da niƙabi da safar hannu, kamar kowace dattijuwar garin. Wuri ɗaya ne a duk Madina da rana da fuskar Inna Hajo za su iya haɗuwa: saman bene, inda aka zagaye da doguwar katanga. Gwiwoyinta kuwa sun shekara shida ba su hau matakala ba. Rana kuma ta yi yaji.

Kullum da hantsi Kawu zai hau saman nan da lema, ya miƙa hannu waje, ya sauko jiƙe.

"Yaya dai, Kawu?"

"Ɗanye ne."

"Kawu, ai wannan ko ɗanye bai kai ba, fure ne."

"Da alli ake ɗaukar hoto da ka faɗa mini."

Rana ta huɗu Abdallah ya shigo da gudu yana ihu, "Aƙiƙ ya kawo! Yalla, yalla!" Ashe al'adar mutanen Madina ce, in kwarin Aƙiƙ ya kawo ruwa sai gari ya fita kallo. Muka shiga mota har da Inna Hajo. Muka tarar da mutane maƙil a bakin kwarin, an shimfiɗa dardumai, an jera filas na shayi, manyan mutane masu gemu sun cire rawani suna tara kai ga yayyafi suna hamdala. Ruwan ja ne, yana tafe da itace da robobi. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon taron, sannan ya matso kunnena ya ce, "Bashari, bayin Allahn nan ba su taɓa ganin kogin Jakara na Kano a watan Agusta ba."

Sai ga ikon Allah, girgije ya tsage. Rana ta zubo, mai laushi, ruwan zuma. Kawu ya miƙa hannu, ya juya, kuma a karon farko tun saukarmu na ji ya ce, "Ya nuna!" Nan take ya kwance leda ta farko, ta biyu, ta uku, ya buɗe gwangwani, ya hure shinkafa, ya juya wa rana baya, ya fuskanci Inna Hajo da ke zaune kan darduma, baƙa wuluk daga sama har ƙasa.

"Yaya, ɗan ɗaga."

"In ɗaga me?"

"Mayafin. Kaɗan. Kafin in ƙirga uku."

"A nan? Gaban mazan Madina kaf? Ilu, tsufan ne ya taɓa ka ko dama haka kake?"

Abdallah yana ta tsalle a gefe, "Sawwir, ya khali, sawwir!" wato ɗauka kawai. Kawu ya sauke kyamara ya ce, "In kai wa Saude hoton baƙin yadi? Kantin Kwari cike yake da shi."

Na ce, "To Kawu, ko kwarin ne ka ɗauka, Umma ta ga inda muka zo."

Ya ce, "Ba ruwa aka aiko ni ɗauka ba."

Muna tsaye muna kallo hasken nan ya nuna, ya wuce, girgije ya rufe. Aka mai da kyamara cikin shinkafa, leda ta farko, ta biyu, ta uku. Na sha shayi kofi huɗu a jere don kada bakina ya furta abin da zai ɓata mini Umara tun ban fara ta ba.

Ba zan ɓoye laifina ba. Rana ta bakwai na ja Abdallah gefe muka ƙulla cewa zai aro 'yar ƙaramar kyamara mai filasha, a ɗauka a falo a wuce wurin. Ban san kunnen Inna Hajo ya fi gwiwarta lafiya ba. Daga cikin ɗaki ta ɗaga murya, "Na ce Ilu, na ce sau ɗaya!" Kawu kuwa yini guda bai yi mini magana ba, sai da za a ci abinci ya ce wa Abdallah, "Miƙa wa mai son a mai da uwarka mage gishiri."

Rana ta goma ita ce ta tafiya. Bayan azahar Abdallah zai kai mu Bi'ir Ali mu yi niyya mu wuce Makka, daga can sai Jidda, sai gida. Mun yi wanka, mun ɗaura harami tun a gida don kada mu sha layi a can. Na gama haɗa jakunkuna, na gama haɗa ƙaryar da zan yi wa Umma, sai muka ji ihun Kawu daga saman bene kamar ana yanka mutum:

"Ku hau da ita! Ku hau da ita!"

Jama'a, Inna Hajo ba ƙaramar mace ba ce, shinkafar Madina ta karɓe ta. Muka ɗora ta kan kujerar ƙarfe, Abdallah a gaba, ni a baya, hawa uku. Wanda bai taɓa ɗaukar innarsa a matakala da harami a jikinsa ba, bai san abin da ake kira tsoron Allah ba. Hannuna biyu suna kan kujera, mayafin sama na riƙe da haƙori, na ƙasa kuwa na bar wa Ubangiji. Ita kuma tana zaune tana ba da umarni kamar direba, "Bishwesh, ya walad, a hankali! Kai ɗan Saude, ba ka cin abinci ne? Ɓangarenka ya karkace!"

Muka dire ta tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ƙasa duk ruwa kwance. Sai ta zaro wani tsohon ɗankwali daga ƙirjinta, shuɗi, ya koɗe, ta ce da shi ta baro Kano. Ta cire baƙin mayafin, ta yi ɗaurin 'yan matan da, wanda ko a Kano an daina, ta ce, "Don Saude ta gane ni."

Tana gama ɗauri girgije ya rufe.

Kawu ya miƙa hannu. Na rufe ido.

"Ɗanye ne."

"Kawu, don girman Allah!"

"A jira."

Muka jira. Iska tana kaɗawa, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya yana tsaye cikin tawul biyu, kai ba hula, ƙafafu kamar sandunan rake, haƙoransa suna kaɗawa har ina jin su, amma kyamarar tana rungume a ƙirjinsa ko motsi ba ta yi. Aka kira azahar. Abdallah ya duba agogo ya yi wata magana da Larabci wadda na yi farin cikin ban gane ba. Can Inna Hajo ta gaji ta ce, "Ilu, tun kana yaro haka kake. In Inna ta aike ka sayen daddawa, sai an ci tuwo an wanke kwano za ka dawo."

Ya ce, "Ke kuma tun kina yarinya ba kya iya zama wuri ɗaya. An ce miki leƙa waje, sai ga ki a Madina."

Ta tuntsure da dariya, irin wadda ke girgiza kujera. Daidai nan rana ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. Ƙyas.

Na ce, "Kawu, ƙara ɗaya! Dariya take, wataƙila ta motsa!"

Yana naɗe leda ya ce, "Yaya nawa gare ni?"

Kuna tsammanin nan wahalar ta ƙare ko? Ni ma haka na zata. Mun iso Kano, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, Umma ta ratsa mutane ta zo ta zauna gabansa.

"Yaya Ilu, ina take?"

"Tana ciki."

"Cikin me?"

Ya nuna mata 'yar tagar da ke saman kyamara, inda lamba take. Sha huɗu. "Saura ashirin da biyu."

Wallahi sai da na ga duhu. Na ce, "Kawu, a naɗe fim ɗin haka nan a kai wanki, ni zan sayo sabo, zan sayo goma!"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa ɗan aji ɗaya. "Ba maganar saye ba ce, mai alli. Gurbi ashirin da biyu ne, kowanne an yi shi don ya ga wani abu a duniya. In kashe su ba su ga komai ba?"

Wata biyu suka wuce, ya ɗauki uku: sabon masallacin unguwa, wani angon da ba mu sani ba, da bishiyar gwandarsa da ta yi 'ya'ya. Jikin Umma kuwa yana ta ja baya, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Na je gidansa na faɗa masa maganganun da ɗa ba ya faɗa wa kawu, har yau ina istigfari a kansu. Shi kuwa ya ci gaba da tsince shinkafar gwangwaninsa.

Umma ce ta gama da shi, kuma ba da faɗa ba. Ya zo duba ta wata Laraba, ta ce, "Yaya Ilu, kada ka damu da surutun Bashari. Ka bi a hankali yadda ka saba. In ya cika bayan na tafi, ka ba shi ya ajiye. Ni da Yaya ma haɗu a can, ai zan gane ta da murya."

Kawu ya miƙe. Ya sa takalmi ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari ƙarfe bakwai sai ga shi da gwangwani a hammata. Ya sa aka fito da Umma tsakar gida aka zaunar da ita kan tabarma a jingine da bango, rana ko katanga ba ta hau ba. Ina jira ya miƙa hannu. Bai miƙa ba. Ƙyas. Umma tana shan koko. Ƙyas. Umma tana cewa me haka. Ƙyas, ƙyas. Umma ta rufe fuska da gefen mayafi, Umma tana dariya, Umma tana jifansa da murfin kwano.

Na ce, "Kawu, hasken fa?"

Ya ce, "Rufe mini baki, mai alli."

Sha tara a zama ɗaya, mutumin da ya yi wa aurena guda. Ya naɗe fim, ya hau tsohon kekensa zuwa wurin mai wankinsa a Fagge, ya zauna a kan benci ya ƙi tashi har aka gama. Kafin la'asar ya dawo ya ajiye ambulan a cinyarta.

Ta daɗe tana kallon hoton. Inna Hajo ce, baki buɗe da dariya, shuɗin ɗankwali, jiƙaƙƙiyar katanga tana ƙyalli a bayanta, ko kaɗan bai motsa ba. Umma ta shafa da yatsa ta ce, "Wannan ai Inna ce. Yaya ta tsufa ta koma Innarmu." Ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido sai ta matso da hoton ta ce, "Wannan baƙin abin a ƙasa fa?"

Inuwa ce, ta miƙe a kan jiƙaƙƙen siminti har ta taɓa ƙafar kujerar: ƙoƙon kai ba hula, gwiwar hannu biyu a buɗe, siraran ƙafafu ƙarƙashin tawul. Kawu ya karɓa ya duba, ransa ya ɓaci. "Kuskure ne. Sanyi ne ya sa ban lura ba. A yanke wurin."

Umma ta fizge abinta ta ce, "Taɓa ka gani."

Wata biyar ta ƙara a duniya, hoton yana ƙarƙashin matashinta. Cikin sha taran nan huɗu sun yi duhu, sauran su ne kaɗai hotunan Umma da muke da su, kowane ɗaki a zuriyarmu akwai ɗaya. Uku Kawu ya ba alhazai suka kai Madina. Amsar ta zo a kaset, Inna Hajo ta yi kukan ganin autarsu, sannan ta gyara murya ta ce, "Ilu, ashe ka iya ɗaukar fiye da ɗaya, ka shanya ni a sanyi kamar wanki?"

Da ya rasu muka birkice ɗakinsa muna neman hotonsa, jikoki suna tambaya. Babu. Shekara arba'in bai taɓa yarda wani ya riƙe kyamarar ba, balle ya tsaya gabanta. Abin da ya rage mana na kamanninsa shi ne inuwar nan da ke kwance a ƙafar yayarsa. Gwangwanin kuma ni aka ba. Na tone shinkafar, na duba 'yar tagar, ashirin da ɗaya. Matata ta ce in kai wanki tun masu wankin ba su ƙare a gari ba. Na ce mata to. Shekara biyu ke nan ina cewa to. Saura sha biyar, kuma duk ranar da na fito da ita tsakar gida sai in tsinci kaina ina duba bayan hannuna.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na faɗa masa. Allah ya haɗa shi da Yayarsa da autarsu inda ba a bukatar kaset ko hoto, ya cika kabarinsa da haske nunanne. Amin.